Ƙarshen sanyi a Damagaram: tumatir ko kuɓewa?

Baba Alhaji, ka ce ka kwashe salati da shu (kabeji) a garkarka ta wajen Miriya, fangali na nan a buɗe, rijiya kuma da sauran ruwa. Kana tambaya me ya fi a sa yanzu da Janairu ke ƙarewa, tumatir ko kuɓewa. Ni dai kuɓewa zan ce, kuma lissafina a kan watan da kowace za ta yi fure na ɗora shi.

In ka yafa irin tumatir yau, zai yi kwana 25 zuwa 30 a wurin reno. Dashe ya kama ƙarshen Fabrairu ke nan, fure kuwa sai ƙarshen Maris zuwa Afrilu, lokacin da zafin Damagaram ke kai digiri 40. Shi kuwa tumatir da zarar rana ta wuce 35 furensa ya fara ɓaci. Ka ga shuka kore shar, ganye ya cika fangali, amma da safe ka duƙa sai ka tarar da ƙananan furanni rawaya sun zube a gindi, sama kuma babu ɗa ko ɗaya. Ga farin ƙuda da ke yawa in zafi ya shigo, shi ke kawo ciwon da ganye ke nannaɗewa shuka ta tsugune. Lokacin tumatir na gaskiya Oktoba da Nuwamba ne, ya riga ya wuce.

Na san abin da ke jan hankali. Yanzu tumatir ya yi yawa a Kasuwar Dole har mata na yankawa suna shanya kauɗa, amma zuwa Mayu da Yuni sai ya koma na mai kuɗi. Wannan tsadar ai wahalar nomansa a zafi ce ta kawo ta. In ka nace, ka ware masa fangali biyu kawai, ka nemi iri mai jure zafi kamar Icrixina da cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai, ta fitar. Ka rufe gindinsa da busasshiyar ciyawa, kuma kada ban ruwa ya tsallake, don tumatir in ya sha yau ya rasa gobe, gindin ɗan baƙi yake yi ko ya tsage.

Kuɓewa ba ruwanta da reno ko dashe. Ka jiƙa iri ya kwana, ka zuba ƙwaya biyu ko uku a rami, tazarar kamu guda. Abin da ba ta so ɗaya ne, sanyi. Daren Janairu a nan yana sauka wajen digiri 15, irin sai ya yi ta nawa a ƙasa, in ya fito ma ya tsumbure. Don haka kada ka yi gaggawa, Baba. Yi amfani da makon nan da mai zuwa ka juya ƙasa da ruɓaɓɓen taki, ka shuka tsakiyar Fabrairu in hunturu ya lafa. Kwana 50 zuwa 60 ka fara tsinka, daidai lokacin da kowane gida ya gaji da busasshiya yana marmarin ɗanya. Zafin da ke zubar da furen tumatir ita bai cika damunta ba, kuma in rijiya ta ja baya a Afrilu ta fi shi haƙurin ƙishi. Ku mutanen Miriya da na koramun Matamai da Magarya da sauƙi, masu ɗan lambu cikin birni su suka san wuyar ruwan bazara.

Wahalarta tsinka. Duk kwana biyu ko uku sai an bi ta, in an yi sakaci ta yi ƙwari ba mai saye, ga ƙaiƙayi, sai da riga mai dogon hannu. Ƙananan ƙwari kan huda ganyen tun tana ƙarama, feshin jiƙaƙƙen garin ƴaƴan dogon yaro da yamma yana rage su. Wadda kasuwa ba ta ɗauka ba kuwa a yanka a shanya, ba asara.

Gefen fangali ka watsa alayyafo, mako uku zuwa huɗu ka fara yanka. Rama da yakuwa ma sun yi, kankana in akwai fili, ita tana cin kusan wata uku. Albasa, kwambitar (dankalin turawa), karoti da shu sai baɗi in Allah ya kai mu. Salati kuwa tsiri zai yi ya yi ɗaci, sai fa irin Maya da aka sani da jure zafi.

Kafin komai, tumɓuke saiwar salatin da ta rage ka wanke ka duba. In ka ga ƙulle-ƙulle a jikinta, tsutsar ƙasa ce da ido ba ya gani, kuma tana cin tumatir da kuɓewa duka. Wannan fangalin masara za ka sa masa bana.