Piper Cub ko Spitfire a haɗin farko? Ɗauki mai fiffike a sama

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka tambaya wanne za ka fara haɗawa cikin ƙananan jiragen sama na rimot, Piper Cub ko Spitfire. Cikin biyun nan da ka jero, ɗauki Piper Cub. Duka sun shiga hannuna, shi ya sa ba zan yi maka kwana-kwana ba.

Jirgin gaskiyar, wato J-3, kamfanin Piper na Amurka ne ya ƙera shi daga 1938 zuwa 1947, kuma da shi aka koya wa dubban matuƙa tuƙi a zamanin yaƙin duniya na biyu. Halin babban ne ƙaramin na rimot ya gado. Fiffikensa a sama yake, nauyin jiki na rataye a ƙarƙashi, don haka in ya karkata ka sassauta hannu a kan rimot, yakan nemi daidaita da kansa. Ga shi ba ya gaggawa, yana ba ka sararin yin tunani, musamman lokacin da ya juyo yana fuskantarka, dama ta koma hagu a idonka.

Nawa na soso ne mai tauri, rawaya da baƙin zanen walƙiya a gefe, faɗin fiffikensa wajen mita 1.4. A kan tabarma na haɗa shi bayan isha'i, yarona na haska mini tocila ina ɗaure sandunan da ke tallafe fiffike. Abin da ya sa na ƙaunace shi ya faru ne bayan girbi, a wata gona bayan gari. Batir ya yi ƙasa, na'urar da ke raba wuta ta yanke wa inji, farfela ta tsaya cak a sama. Sai ga shi yana saukowa a hankali ba ƙara, ina ɗan juya shi da jela, har ya zo ya kwanta a tsakanin kunyoyi. Ƙarfen taya ɗaya ne ya lanƙwashe, na miƙe shi da filaya a wurin, na sa wani batir muka ci gaba. Aibinsa dai ba ya son iska. In hunturu ya taso da kaɗawa, ko dai ka fita da sassafe ko ka haƙura.

Spitfire kuwa, kyau dai akwai shi, ba mai musu. Amma jirgin yaƙin Ingila ne da ya fara tashi a 1936, don gudu aka yi shi. Ka rage masa wuta wajen sauka, fiffike ɗaya ya faɗi ba sallama. Tayoyinsa a matse suke, masu naɗewa ne, ba sa shiri da filin ƙwallon unguwa, kuma fentinsa mai duhu yana sa soso ya yi ƙuraje in ya sha ranarmu. Nawa yana rataye a bango.

Wajen haɗi, abin da ya fi cin mutane shi ne daidaiton nauyi. Takardar da ke cikin kwali za ta nuna maka wurin, galibi tsakanin kwata da sulusin faɗin fiffike daga bakinsa na gaba. Sa batir a mazauninsa, ka ɗaga jirgin da yatsu biyu a ƙarƙashin fiffike daidai wurin nan. Hanci ya ɗan sunkuya kaɗan, ba laifi. In jela ce ta rinjaya, kar ka tashe shi, matsa batir gaba har ya daidaita, ka ɗaure shi tamau don kada ya zame a sama. Maganar gam kuma, sufa gulu na cinye wani irin soson, saboda haka ɗiga a wani lungu da ba a gani tukuna. Inda inji ke zama da inda jela ke haɗuwa da jiki, aradait ya fi, amma kaɗan, don yana da nauyi. Cire farfela duk lokacin da kake saita rimot a ɗaki, tana yanka yatsa kamar reza. Kafin tashi, tsaya a bayan jirgin ka tura sandar rimot dama: leɓen fiffiken dama, wato ɓangaren bayansa mai motsi, shi ne zai ɗaga sama. In na hagu ya ɗaga, juya saitin a rimot.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa a intanet. Za su sa hoton jirgi cikakke, kwali ya iso ka tarar da gangar jiki kawai. Duba rubutun da kyau. KIT jiki ne zalla. PNP yana da inji da ƙananan injinan da ke motsa jela da fiffike, amma ba rimot, ba batir, ba caja. RTF ne ke zuwa da kusan komai. A batir ma ha'inci ya fi yawa. Batir irin LiPo mai gida uku, bolt 11.1 da 2200mAh, nauyinsa yakan kai wajen giram 180. Wanda aka rubuta wa 5000mAh amma bai kai wannan nauyi ba, ƙarya aka manna masa. Kumburarre kuwa ko kyauta ne kar ka karɓa, yana kamawa da wuta. Ka ce mai kaya ya turo maka bidiyon kwalin a buɗe, da batir a kan sikeli, kafin kuɗinka ya fita.

Ka haɗa da farfela biyu ko uku na ajiya tun a odar farko, don su ne ke fara karyewa, kuma ba lallai ka samu a kasuwar garinku ba. Rimot mai 2.4GHz da tasha shida, wato mai iya sarrafa abu shida daban-daban, irin FlySky FS-i6, ya ishe ka, zai kuma bi ka zuwa jirgi na gaba. Sannan ka nemi fili nesa da filin jirgin sama da barikin soja da wayoyin wuta, ranar tashin farko kuma ka tafi da wanda ya iya, ya ɗaga maka shi sama kafin ya miƙo maka rimot.