Yaya, a dakata da ɗora bulo tukuna

Assalamu alaikum Yaya. Ya iyali, ya damina? Na ga hotunan ginina na Rigasa da ka turo, Allah ya saka da alheri. Amma abin da idona ya fi tsayawa a kai shi ne tulin fasassun bulo da ke bakin ƙofa, da buhunan siminti biyu da ruwa ya taɓa suka daskare. Kuɗina ne ke kwance a ƙasa.

Nan Suwidin a masana'antar gidaje nake aiki. Yawancin ƙananan gidajen ƙasar nan, da katako ake harhaɗa su a cikin rumfa, sannan a ɗauko a tirela. Kwamfuta ce ke ba zarto awo, kowane katako a yanke shi daidai, guntun da ya rage kuma ya shiga wani bangon. Ɗaki kan fita daga wurinmu da tagarsa da wayoyin wuta da bututun ruwa, har da fenti. Injin ɗaga kaya ya sauke shi a kan harsashi, kafin la'asar an rufe sama. Ruwa bai taɓa kaya ba, balle a yi asara. Har kamfanin IKEA mai kujeru ya haɗa kai da kamfanin gine-gine na Skanska a 1996 don yin irin waɗannan gidaje da sunan BoKlok. Ɗan abin da ya saura ma doka ta ce a ware, katako daban, ƙarfe daban, roba daban.

Mu kuwa sai birkila ya gama, an yi filasta tsaf, mai wayarin ya zo da guduma ya tsaga bango. Mai famfo ya biyo baya ya ƙara nasa. Maigida ya leƙo ranar Asabar ya ce tagar nan ta yi ƙanƙanta, a fasa. Ni ma na yi haka a falo bara, ban manta ba.

Ba cewa nake a kawo gidan katako Kaduna ba, gara da zafin Afrilu sun isa su ba mu amsa, kuma wace tirela ce za ta shiga lungunmu da ɗaki a bayanta? Ta wani fannin ma mun fi su. Ɓaraguzai na cike ramin layi, guntun rodi na komawa Panteka, 'yan gwangwan ba sa barin ko ƙusa. Sai dai abin da ka saya da tsada ka sayar a kilo, ai sunansa asara.

Don haka Yaya, a tsayar da aiki mako biyu. A zauna da mai zane da birkila da mai wayarin da mai famfo rana guda, a sa alamar kowane bututu. A fara yo ƙofofi da tagogi, a bar musu gurbi daidai awonsu. Tsawon bango ya bi lissafin bulo, kada a riƙa sara rabi. Siminti kuma a saye shi na mako-mako, a ɗora kan katako a ɗakin da aka rufe. A gaida Hajiya, kuɗin tagogin na tafe ranar Juma'a in Allah ya so.