Kajin gida, Noiler ko zabbi: me ya kamata ka saya a bazara?

Daga tsakiyar Maris zuwa faɗuwar ruwan farko mutane da yawa ke shirin zuba kaji a bayan gida. Hunturu ya wuce, annobar Newcastle da ke share akurki a lokacin sanyi ta lafa, kuma 'yan tsaki ba sa buƙatar ɗumi sosai. Sai dai watan Afrilu a Kano, Sakkwato ko Maraɗi yakan haura digiri 40, hatsi kuma farashinsa hawa yake yi har kaka. Da waɗannan biyun, zafi da tsadar abinci, za ka auna duk abin da za ka saya.

Kajin turawa na nama, wato broila, su ne masu jan ido, domin cikin mako 6 zuwa 8 sun isa yanka. A bazara ban ba mai ƙaramin gida shawarar su ba. Da zarar sun yi nauyi zafi yake kayar da su, sai ka ga sun buɗe baki suna haki, kafin la'asar an kwashe gawa. Ba sa kiwo, komai sai an sayo musu. Wanda yake da ɗaki mai iska da rumfa da ruwa mai sanyi yana iya gwadawa.

Masu ƙwai, irin Shika Brown da cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI ta Jami'ar Ahmadu Bello ta samar a Shika kusa da Zariya, sun fi jure yanayinmu. Amma sai ka ciyar da su kusan wata 5 kafin ka ga ƙwan farko. Wannan harka ce ta mai jari.

Kazar gida ita ce tushe, kuma ina ganin kowane gida ya kamata ya ajiye ko da uku da zakara ɗaya. Ƙwanta kaɗan ne, girmanta a hankali, amma tana neman abincinta, tana kwanci kwana 21 ta ƙyanƙyashe, ta kuma tsare 'ya'yanta daga shirwa. Dusa da ɗan tsakin hatsi da safe sun ishe ta. Idan za ka saya, ka fi neman ta hannun maƙwabci ko dangi da ka san garkensu. Ta kasuwa ta kwana cikin keji ɗaya da kajin garuruwa daban-daban, don haka ka ware ta mako 2 kafin ta shiga cikin naka. Duba idonta ya zama garau, hanci ba majina, gindi ba kashi a manne, ka kuma ɗaga fiffike ka nemi ƙwarƙwata.

Noiler kaza ce da ta tsaya tsakanin ta turawa da ta gida. Kamfanin Amo Farm da ke Awe a jihar Oyo ne ya fito da ita don kiwon gida, nama da ƙwai duka. Tana fita kiwo kamar ta gida, ta fi ta girma da ƙwai nesa ba kusa ba, zakarunta kuma sukan isa sayarwa cikin wata 3 zuwa 4. Rauninta biyu ne. Ba ta cika kwanci ba, kuma 'ya'yan da aka samu daga gare ta a gida ba sa kai iyayen, don haka sai ka riƙa komawa wurin dillali. A nan ne zaɓi mai muhimmanci yake: ɗan kwana ɗaya ko wanda aka raina. Katan na 'yan kwana ɗaya, mai tsaki 50, ya fi arha, amma yawancinsu daga kudu ake ɗauko su, sun sha doguwar tafiya cikin zafi, kuma makonnin farko su ne na mutuwa. Sabon shiga ya ƙara kuɗi ya sayi 'yan mako 4 ko 5. Ka tambayi mai sayarwa ranar da aka ba su rigakafin Newcastle, wato Lasota, da ranar rigakafin cutar Gumboro. Wanda ya kasa faɗa maka rana, wuce shi.

Zabbi kuwa ba yanzu ake sayen ƙanana ba, domin zabuwa da damina take ƙwai. Dabarar da ƙauye ya daɗe da sani ita ce a sayi ƙwan zabi bayan ruwa ya sauka a sa wa kazar gida, ta ƙyanƙyashe cikin kwana 26 zuwa 28. Wannan ma wani dalili ne na sayen kazar gida tun a bazara. 'Yan zabbi na son gara, kuma raɓa da jiƙewa na kashe su. A cikin gari ka tuna da kukansu da tsallake katanga kafin ka ɓata da maƙwabta.

Agwagwa tana da juriya, sai dai tana ɓata ruwan shan kaji, a raba musu kasko. Akuya kuma, ko da jar nan ta Sakkwato da Maraɗi ce mai yawan tagwaye, ka dakata sai ciyawa ta fito in ba ka tanadi harawa ba.

Ga gida mai ɗan fili da inuwar darbejiya, zan fara da kajin gida uku da zakara, da Noiler goma da aka raina. Kafin su iso a gyara akurki, a toshe ramin gafiya, a kuma nemi allurar Newcastle daga likitan dabbobi, irin wadda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato ke haɗawa, a yi wa tsofaffi da sababbi gaba ɗaya.