Manhajar koyon Sifaniyanci da ta kusa haɗa ni faɗa da maƙwabcina

Tauraro uku na ba ta, shi ma da ƙyar.

Wata biyar ke nan ina biyan kuɗin manhajar nan, don ina shirin jarrabawar harshen Sifaniyanci mai suna DELE A2 ta cibiyar Instituto Cervantes, wadda ake nema wurin mai son zama ɗan ƙasa a Sifaniya. Da farko babu abin da zan ce. A bas nake haddar kalmomi kafin in isa wurin aiki a Valencia, kuma suna zama.

Sai ranar da ruwan banɗakin maƙwabcina na sama ya yoyo ta silin, ya jiƙa mini katifa da darduma. Dattijo ne, ya haura saba'in, mutumin da kan ajiye mini lemo a bakin ƙofa. Na so in rubuta masa cikin ladabi cewa ya kamata a biya ɓarnar. Na buɗe ƙamus ɗin manhajar, ya jera mini kalmomi biyu ƙarƙashin fassarar Turanci guda, babu misali, babu gargaɗi: prejuicio da perjuicio. Na ɗauki ta farko na tura: "Usted tiene que pagar por sus prejuicios."

Minti goma ba a yi ba na ji ƙwanƙwasa. Ga shi tsaye da silifas, waya a hannu, hannun na rawa. Ya ce, "Ɗana, yaushe na taɓa nuna maka ƙyama don launin fatarka?" Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Ashe abin da na rubuta shi ne sai ya biya kuɗin ƙyamar da yake yi wa mutane. Sai da na ja shi ɗaki na nuna masa katifar, na ce, "Baba, wannan nake nufi." Ya yi dariya har da riƙe ƙofa.

A darasin kai tsaye na gaba a manhajar, malamata, 'yar Kolombiya, ta warware mini cikin minti biyu. Prejuicio daga pre da juicio ne, wato yanke wa mutum hukunci tun ba ka san shi ba. Galibi a jam'i ake faɗa: tener prejuicios contra alguien, ko prejuicios raciales. Perjuicio kuwa ɓarna ce ko asara, ita ce ta cikin daños y perjuicios da lauyoyi ke rubutawa. Fi'ilinsu ma daban, prejuzgar da perjudicar. Ta kuma sa na yi ta maimaita harafin j daga maƙogwaro, kamar yadda alaramma ke fitar da "kha". Don ita kaɗai da tauraro biyar zan bayar.

Amma da na tuna sai raina ya sake ɓaci. Haruffa biyu ne kawai suka musanya wuri, kuskuren da malamar ta ce 'yan ƙasar ma suna yi, amma manhajar da ke cire kuɗina duk wata ba ta iya ƙara layi ɗaya na jan kunne ba? Na rubuta wa masu manhajar sau biyu. Amsa iri ɗaya ta dawo, ta na'ura, wai sun gode da ra'ayina. Jiya na leƙa, kalmomin na nan a jere yadda na bar su.

Katifar dai inshorar Baba ce ta biya.