Sharhi a Kan Ƙwayar Terbinafine, Maganin Cutar Farce: Wata 14 Ina Jiran Sabon Farce, Ga Kuma Ciwon Suga

Shekarata 11 ina fama da ciwon suga nau'i na biyu, kuma a tsawon wannan lokaci na saba da kiyaye abubuwa da yawa, kama daga shan magungunan suga, metformin da glibenclamide, a kan kari, zuwa rage tuwon shinkafa da daddare da halartar kilinik duk bayan wata uku. Abin da ban taɓa kawowa a lissafi ba shi ne farcen ƙafata. Lokacin da farcen babban yatsana na dama ya fara sauya launi daga gefe, ya yi rawaya-rawaya kamar wanda lalle ya kusa sakinsa, na ɗauka tuntuɓe na yi a wani wuri na manta. Bayan kimanin wata takwas ya yi kaurin da abin yankan farce ya daina kama shi, ƙarƙashinsa ya cika da wani farin gari mai ɗan wari, sannan abin ya tsallaka zuwa yatsu biyu na kusa da shi da kuma ƙaramin yatsan ƙafar hagu.

Kafin in je ga likita na ɓata kuɗi da lokaci a kan abubuwa biyu. Na farko shi ne man shafawa na kemis, irin wanda ake cewa yana maganin ƙaiƙayi da makero da ƙuraje duka a bututu ɗaya. Na ƙarar da bututu uku ban ga komai ba, daga baya kuma na fahimci dalili: farce ba fata ba ne, mai ba ya ratsa shi ya kai inda cutar take zaune, kuma da yawa daga cikin waɗannan mayuka an haɗa su da sinadarin da ke kwantar da ƙaiƙayi amma yana raunana garkuwar fata, ya ƙara wa cutar wurin zama. Na biyu, wanda har yanzu nake jin kunyarsa, shi ne miƙa ƙafata ga mai yankan farce da ke zagayawa a bakin kasuwa da almakashinsa da ɗan soson kumfa. Wata Asabar ya kankare mini farcen da kyau har na ƙara masa kuɗi a kan abin da ya nema. Sai da na dawo gida na cire safa, uwargidana ta ce, "Malam, wannan jinin na mene ne?" Bakin almakashin ya shiga naman gefen yatsan, jini ya bushe ya manne da safar, ni kuwa ban ji komai ba, ko a lokacin da aka yanke ni, ko a tsawon tafiyar da na yi zuwa gida.

Wannan rashin jin zafin, ba munin farcen ba, shi ya kai ni asibiti ranar Litinin. Likitar da ta duba ni ta sa na cire takalma duka biyu, ta ɗauko wani siririn zare mai kama da na kamun kifi, ta ce in rufe ido in faɗa mata duk inda na ji taɓawa. A wurare uku a tafin ƙafar dama ban ji ba. Ta ce, "Baba, suga ya fara taɓa jijiyoyin ƙafarka, don haka wannan farcen ba maganar kwalliya ba ce a wurinka." Bayanin da ta yi mini shi ne cewa cutar dangin funfuna ce, wadda suke kira fangas, kuma ta fi kama masu ciwon suga fiye da sauran mutane saboda yawan suga a jini yana raunana garkuwar jiki, jini kuma ba ya isa yatsu yadda ya kamata. Farcen da ya yi kauri yana danna naman ƙarƙashinsa a cikin takalmi, ko bakinsa ya yanki yatsan da ke kusa, mai ƙafar bai sani ba, daga nan ƙwayoyin cuta su samu ƙofa, ƙaramin rauni ya zama gyambo. Duk wanda ya taɓa zama a layin kilinik ɗin masu suga ya ga mutanen da aka yanke wa yatsa ko ƙafa, kuma idan ka tambaye su mafarin abin, sau da yawa ba ya wuce irin wannan ƙaramin rauni.

Abin da ya burge ni shi ne ba ta rubuta magani a ranar ba. Ta wanke raunin ta rufe shi, ta sa aka yanki ɗan guntun farcen tare da garin ƙarƙashinsa aka kai ɗakin gwaji, domin a cewarta ba kowane farce mai kauri ne fangas ya kama ba, akwai wanda tsohon rauni ne ko wata cutar fata, kuma ba daidai ba ne a ɗora mutum a kan ƙwaya ta wata uku bisa zato. Ta kuma rubuta gwajin hanta. Sakamakon farcen ya tabbatar da fangas, na hanta ya fito lafiya, sannan muka zauna maganar zaɓi.

Akwai maganin da ake shafawa a farce kamar jan farce, amorolfine, sau ɗaya ko biyu a mako har tsawon wata tara zuwa shekara. Ta ce ya fi dacewa da wanda cutar ta kama farce ɗaya ko biyu daga baki, ba ta kai gindi ba, nawa kuwa huɗu ne kuma babban ya lalace har tushe. Ni ma ina da tawa damuwar game da shi, domin yana bushewa ya zama wani ɓawo a kan farce, na kuma san zan yi ta waswasi a kan alwalata. Akwai kuma ƙwayoyin maganin fangas, itraconazole da fluconazole, waɗanda wani mai kemis ya taɓa ba ni shawarar in saya. Likitar ta girgiza kai, ta ce fluconazole yana sa glibenclamide ya daɗe a jiki har suga ya faɗi ƙasa da kima, itraconazole kuma ba a ba mai raunin zuciya, kuma ba ya jituwa da wasu magungunan rage kitsen jini irin su simvastatin. Saura terbinafine, wanda ba shi da wannan rikici da magungunan suga da nake sha. Ta rubuta miligiram 250, ƙwaya ɗaya a rana, mako 12, wato ƙwaya 84.

Sunan da aka fi sanin maganin da shi shi ne Lamisil, na kamfanin Novartis, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin ɗan fansho irina, don haka na sayi na wani kamfani mai rahusa a kantin magani mai rajista, bayan na duba lambar NAFDAC da ranar lalacewarsa a jikin kwalin. Ko a hakan ba abu ne mai arha ba idan aka haɗa da gwaje-gwaje, kuma shawarata ga mai niyyar farawa ita ce ya tabbatar yana da kuɗin kammalawa tun daga farko, domin shan mako huɗu a tsaya asarar kuɗi ce kawai.

Shan maganin kansa ba shi da wahala. Ƙwayar ƙarama ce, na mayar da ita bayan abincin dare don kada in manta. A makon farko na yi ɗan ciwon kai da kumburin ciki, suka wuce da kansu. An gargaɗe ni cewa idan na ga fitsarina ya yi duhu kamar shayi, ko idona ya yi rawaya, ko tashin zuciya ya ƙi tafiya, ko ƙuraje suka feso mini, in dakatar in dawo nan take, domin alamu ne na hanta ko na rashin jituwa da maganin. Ban ga ko ɗaya ba, kuma gwajin hanta da aka maimaita a mako na shida ya fito daidai. Awon sugana na safe bai sauya ba.

Matsalar da na samu ta zo ne a mako na 11, kuma ita ce babban abin da nake riƙe wa wannan magani. Wata rana aka kawo tuwo da miyar kuka, na kai loma biyu na ce an manta gishiri. Uwargida ta ɗanɗana ta dube ni, ta ce har daddawa ta fi ta kullum yawa. Washegari shayi ya zama ruwan zafi kawai a bakina, goro ma da nake ɗan taunawa ya koma kamar itace. Ɗaukewar ɗanɗano sananniyar illa ce ta terbinafine, an rubuta ta a takardar cikin kwali, amma ga mai ciwon suga tana da wata fuska da ban yi tunaninta ba. Da abinci ya daina yi mini daɗi sai na rage ci ba tare da na lura ba, alhali ina shan glibenclamide yadda na saba, shi kuwa wannan magani yana sauke suga ko ka ci ko ba ka ci ba. A rana ta uku, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, gumi ya karyo mini, hannuna ya ɗauki rawa, na auna suga na ga ya faɗi zuwa 3.6. Na sha ruwa da cokali uku na sukari na dawo hayyacina, na kira likitar. Ta ce in dakatar da terbinafine daga ranar, in kuma tilasta wa kaina cin abinci a kan lokaci. Ƙwaya 75 na sha ke nan, tara suka rage. Ɗanɗanon ya dawo a hankali cikin kusan mako biyar, gishiri ne ya fara dawowa, zaƙi daga baya.

Ranar da na daina shan maganin, farcen yana nan da muninsa kamar ba a yi komai ba, kuma ba zan ɓoye ba, raina ya ɓaci. A nan ne nake ganin mutane da yawa ke yanke hukuncin cewa maganin bogi ne. Likitar ta nuna mini gindin farcen, inda wani siririn layi mai launin lafiya ya fito, faɗinsa bai wuce na tsinken ashana biyu ba, ta ce maganin ba ya gyara farcen da ya riga ya lalace, sabon da ke tsirowa yake karewa, kuma yana zama a cikin farce watanni bayan an daina sha. Farcen ƙafa yana tsiro ne kimanin milimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a wata, don haka babban yatsa yana bukatar shekara ɗaya zuwa shekara ɗaya da rabi kafin ya sauya gaba ɗaya. Na koma ɗaukar hotonsa da waya ranar ɗaya ga kowane wata, kuma hotunan ne suka hana ni karaya, domin da ido ba a ganin motsinsa. Ya kamata kuma mai saye ya san iyakar maganin: a gwajin da kamfanin Lamisil ya dogara da shi, kashi 70 cikin 100 ne aka daina samun fangas a farcensu, waɗanda farcen ya koma daidai sarai kuwa kashi 38 ne kacal.

Ba zan iya ba ƙwayar dukkan yabon ba, domin an haɗa mini ita da wasu abubuwa da nake ganin sun ɗauki rabin aikin. Ashe ina da cin ruwa a tsakanin yatsu, wanda fangas iri ɗaya ne ke kawo shi, kuma daga nan yake komawa farce, don haka aka ba ni clotrimazole na shafawa na mako huɗu. Alwala sau biyar a rana tana nufin tsakanin yatsu ba ya bushewa idan mutum ya zura ƙafa a takalmi da danshinta, sai na fara yawo da ƙaramin tawul a aljihu ina tsane kowane lungu kafin in sa takalmi, abin da ya jawo mini zolaya a masallacin unguwa na ɗan lokaci. Na zubar da tsofaffin takalma sau-ciki guda biyu, na koma safar auduga ina sauyawa kullum, na daina taka tsakar gida ba takalmi. Kaurin farcen kuma ma'aikaciyar jinya ce ke goge mini shi a kilinik, ta koya mini yanke sauran a miƙe ba tare da shiga kusurwa ba. Wata 'yar uwata ta nace in ƙunsa lalle a yatsun, na ƙi, ba don raina shi ba, sai don zai rufe launin da ni da likita muke dubawa mu gane ko ana ci gaba. A wannan tsakanin awon suga na wata uku, wanda ake kira HbA1c, ya sauko daga 8.4 zuwa 7.3, kuma ina kyautata zaton wannan ma ya taimaka.

Hukuncina shi ne maganin ya cancanci kuɗinsa ga mai ciwon suga wanda gwaji ya tabbatar masa da fangas, hantarsa lafiya, kuma yana da likitan da zai iya kira idan wani abu ya taso. Ban yarda mutum ya saye shi da kansa a kemis don ya ga farcensa ya yi rawaya ba, musamman mai ciwon hanta, ko mai ciwon ƙoda, ko mai shan magunguna da yawa, domin terbinafine ma yana da waɗanda ba ya jituwa da su, ciki har da wasu magungunan zuciya da na damuwa. Mai shan glibenclamide ko mai allurar insulin kuma ya sa ido a kan cin abincinsa tun ranar da ya ji miya ta fara salancewa.

Yau wata 14 da fara shan ƙwayar. Babban farcen ya sauya, saura ɗan rawaya a bakinsa wanda yanka biyu ko uku zai tafi da shi, na kusa da shi guda biyu sun koma daidai. Ƙaramin yatsan hagu ne ya ƙi, yana nan da kaurinsa kamar ƙahon akuya. Likitar tana zargin matsin takalmi na shekaru ne ya nakasa shi ba fangas kaɗai ba, don haka ta ce a zuwana na wata mai kamawa za a sake yankar guntunsa a kai ɗakin gwaji kafin a yi maganar wani magani.