Gargaɗi ga masu neman ƙaramin injin sassaƙar ƙarfe: an ci mini Naira 585,000

Ina rubuta wannan ne domin 'yan'uwana masu aikin ƙarfe a gida, waɗanda ke da ɗan ɗaki ko rumfa a bayan gida suna gyaran bushin na babur, da sandar injin niƙa, da ƙananan kayan famfon ban ruwa. Akwai wani mutum da ke tallar ƙaramin injin sassaƙar ƙarfe na kan tebur a rukunonin saye da sayarwa na Facebook, kuma ya karɓe mini Naira 585,000 bai ba ni komai ba sai tarkace.

Masu cewa na yi gaggawa su saurara tukuna. Na daɗe ina aiki da zarto da giranda da dirilar hannu, kuma duk lokacin da aiki ya buƙaci a fere ƙarfe daidai da awo, sai na ɗauka na kai kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano na bi layi, na biya, wani lokaci a ɓata mini. Na san injin da nake nema, wato irin ƙananan nan na ƙasar Sin masu ƙarfin wat 550, waɗanda nauyinsu bai wuce abin da mutum biyu za su ɗaga ba, kuma ƙaramin janareta yana iya tayar da su. Saboda haka na yi masa tambayoyin da ɗan damfara na yau da kullum ba zai iya amsawa ba. Na tambaye shi ko giyoyin da ke ciki na roba ne ko na ƙarfe, domin na roba su ne ke karyewa idan wuƙa ta kama, ya ce na roba ne amma zai haɗa mini da na ƙarfe. Na tambaye shi ko na wuta 220 ne ko 110 na Amurka, ya ce 220. Mutumin da ya yarda da aibin kayansa da bakinsa, ta yaya za a zarge shi?

Sannan ya kira ni ta bidiyo a WhatsApp. Wannan kiran shi ne har yanzu yake hana ni barci. Na ga injin yana juyawa, an ɗaure guntun tagulla a bakinsa, ɓarɓashi yana zubowa a kan tire, ya sa ma'auni ya nuna mini lamba. Na ce ya rubuta sunana a takarda ya ɗora a kan injin, ya rubuta ya ɗora. Ya ce, "Malam, wallahi ni ma ɗan Arewa ne, neman halal ya kawo ni Legas, ba zan ci amanarka ba." Da wannan Hausar tasa da wannan takardar na tura Naira 480,000 a matsayin kafin alƙalami, a kan cewa sauran Naira 370,000 sai kaya ya iso Kano.

Akwatin ya iso tasha, na katako, an buga masa ƙusa an ɗaure da waya, kuma nauyinsa daidai da abin da nake tsammani, har sai da na nemi yara biyu suka taya ni sa shi a Keke Napep. Amma kafin nan, ya riga ya sake kirana cewa jami'an kwastam sun riƙe kwantenar da ragowar wuƙaƙen yanka ke ciki, sai an ba da Naira 65,000, na tura. Kuɗin mota Naira 40,000 kuma ina jin shi ne ya zo kafin maganar kwastam, ko bayanta, rasit ɗin dai yana nan. Jimla Naira 585,000. Da na ɓalle katakon a gida, a gaban maƙwabtan da na gaya wa injina ya iso, abin da na tarar shi ne tsofaffin birkin babbar mota guda biyu, da karyayyen sifirin, da duwatsu a naɗe cikin buhun siminti. Lambarsa tana kashe tun daga ranar. Bankina ya ce kuɗin sun riga sun fita daga asusun da suka shiga, kuma sunan da ke kan asusun ba shi ne sunan da ya ba ni ba.

Daga baya wani abokin sana'a a kasuwar Panteka ta Kaduna ya turo mini hoton wannan injin, da wannan tiren, da wannan guntun tagullar, a wani shafi na daban mai wani suna, inda ake tallarsa ga mafarauta da cewa yana gyara bindigar toka. A nan na gane wayonsa. Dokar makamai ta Nijeriya, wadda ta samo asali tun 1959, ta haramta ƙera bindiga ko gyara ta ba tare da izinin hukuma ba, don haka duk wanda ya tura kuɗi da wannan niyya ba zai iya zuwa gaban 'yan sanda ya yi bayani ba, sai dai ya haɗiye. Ni bushin da noti nake yi, ba ni da abin ɓoyewa, shi ya sa na shigar da ƙara, kuma ina shirya takardar koke zuwa EFCC.

Kada kowa ya biya kuɗin inji sai ya sa hannunsa a kai ya kunna shi, ko wani nasa da ke garin ya je ya gani. Bidiyo ba shaida ba ce.

Hotunan hirarmu, da rasit uku na Naira 480,000 da 65,000 da 40,000, da hoton akwatin da duwatsun da ke ciki, duk zan ɗora su da zarar mai binciken ya ba ni izini. Wanda kuma wannan mutumin ya taɓa ya yi mini magana, domin a haɗa koken wuri ɗaya.