Kwana takwas a mota mai ɗaki, daga Grand Teton zuwa Yellowstone da yara huɗu

Tun da muka dawo ake ta kirana ana tambaya wai motar nan da muka yi haya ta yi ko ba ta yi ba, to bari in rubuta sau ɗaya kowa ya gani. Mu shida ne, ni da Abban yara da yara huɗu, babbar shekararta 13 auta kuma 3. Gandayen daji biyu na Amurka muka je, Grand Teton da Yellowstone. A birnin Salt Lake City muka ɗauki motar cikin watan Yuli, irin wadda suke ce wa RV, tsawonta ƙafa 25, akwai gado a baya, akwai wani a saman kan direba, teburin cin abinci ma ana kwantar da shi ya koma gado, ga murhun gas ga firji ga ɗan banɗaki mai shawa. Ni dai na ji daɗinta ƙwarai kuma insha Allahu zan sake, amma akwai abubuwan da da an faɗa min tun farko da ban wahala haka ba.

Abin da ya fi min komai shi ne kicin. Kafin mu bar gari muka tsaya shagon halal muka cika firiza da nama da kaji, ni kuma daga gida na taho da kuka, daddawa, yaji, semo da dambun nama. A cikin gandun dajin abinci tsada, kuma ba ka san da me aka yi shi ba, mu kuwa hankalinmu kwance. Daren farko a Colter Bay, wani sansanin kwana a cikin Grand Teton, na tuƙa tuwo na kaɗa miyar kuka, muka ci a teburin waje, sannan muka taka bakin tafkin Jackson, ga duwatsun Teton a tsallaken ruwa sun miƙe tsaye babu wani ƙaramin tudu a gabansu, mafi tsayin ƙafa 13,775, da sauran ƙanƙara a kansa a tsakiyar Yuli. Babbar 'yata ta yi shiru can ta ce "Ummi, Subhanallah." Wallahi har yanzu in na tuna sai na ji wani abu a raina. Abu ɗaya dai ga masu girki, a wannan tsayin ruwa yana tafasa tun bai yi zafin da muka saba ba, shinkafa sai ta ɗau lokaci, wake kuwa na dafa na dafa ya ƙi nuna, ki taho da na gwangwani kawai.

To sai maganar ruwa, nan ne ainihin sharhin nawa. Tankin motar an yi shi ne da lissafin mutanen da ba sa tsarki da ruwa ba sa alwala sau biyar. Mu ga buta, ga alwalar mutum huɗu, ga wanke-wanken tukunyar tuwo, ga auta da ke ɓata jiki kullum, kwana ɗaya da rabi fitilar tankin ruwa mai kyau ta nuna ya kusa ƙarewa, na ruwan datti kuma ya cika har ya fara dawowa ta ƙasan shawa. Wurin da muka kama a Colter Bay ba shi da famfo a gefen mota, dole Abban yara ya tuƙa zuwa inda ake zubarwa, ya sa safar hannu ya jona tiyo, a fara sakin na bayan gida sannan na wanka don ya ɗauraye tiyon. Aikin ba daɗi amma minti goma ne. Daga ranar muka canza tsari, kowa ya ɗau butarsa ya tafi banɗakin sansani, alwala a can, na motar sai dare ko in ana kan hanya. Kuma ba a watsa ruwan wanke-wanke a ƙasa, ba a barin ko cokali a waje, saboda beyar tana bin ƙanshin abinci. Asuba akwai sanyi kamar tsakiyar hunturu a Jos ko fiye, ku taho da rigunan sanyi da safa, alƙibla kuma arewa maso gabas take, ku duba tun kuna da sabis don a ciki yawanci babu.

Hanya kuma, don Allah kar ku bi taswirar waya ido rufe. Mu ta ɗauke mu ta Teton Pass daga ɓangaren Idaho, gangara ce mai tsanani, mota mai nauyi haka tun kafin mu kai ƙasa muka fara jin ƙaurin birki, na riƙe auta ina ta Hasbunallahu, Abban yara ya samu gefe ya tsaya muka jira ya huce sannan ya sauka da ƙaramin giya a hankali. Akwai hanyar Alpine da ke bin gefen kogin Snake, ta fi sauƙi ga irin wannan motar.

A Yellowstone mun kwana a Fishing Bridge, shi kaɗai ne a cikin gandun yake da ruwa da wuta da magudana a wurin fakin, sai na ji kamar na dawo gida. Watanni kafin tafiya ake kama wuri, kar ku ce sai kun je. Gandun tun 1872 aka kafa shi, faɗi gare shi sosai, gudu kuma ba ya wuce mil 45 a awa, ga shi duk fita sai an cire tiyo da waya an ɗaure komai na kicin, gida ne guda ake tashi da shi. A Old Faithful fakin wadatacce, muka zauna muka jira, kusan duk awa ɗaya da rabi yake feso ruwan zafi sama. A Grand Prismatic kuwa, wani babban tafkin ruwan zafi mai launuka, sau biyu muna zagayawa babu wurin da zai ɗauke mu, sai da muka dawo da sassafe. Yaran sun taɓa wanka a Wikki na Yankari, sai da na zaunar da su na ce wannan ba irinsa ba ne, wannan yana dafa mutum, ba a sauka daga kan katakon da aka shimfiɗa don tafiya.

A kwarin Hayden ɓauna suka tare titi, muka fi rabin awa a tsaye. Wani ƙato ya bi ta gefen tagarmu, gashin kafaɗarsa duk ƙura yana zuba faci-faci, muna jin gurnaninsa, idonsa ɗan ƙarami, yaran sun manne da gilashi ba mai motsi. A nan na ƙara gode wa motar, don tana da tsayi ana ganin komai ba sai an fita ba, doka ma yadi 25 tsakaninka da ɓauna, beyar da kerkeci yadi 100.

Inda kamfanin ya ɓata min rai shi ne kuɗi. Farashin da muka gani a intanet na motar ne tsura, kowane mil da kuɗinsa, janareta ana lissafa awa, tukwane da barguna ma haya daban, kuma murhu ɗaya ba ya kamawa tun ranar farko. Mai tana sha ba wasa, galan ɗaya wajen mil 10. Shiga kowane gandu dala 35 ne lokacin da muka je, mu muka sayi katin shekara na dala 80. Ku ɗau bidiyon motar ciki da waje kafin ku tashi, ku kunna kowane murhu a gabansu, kuma ku sayi manyan jarkokin ruwa guda biyu ku ajiye a ƙarƙashin gadon baya.